Yadda ake shirya fita ɗaukar foto a wiken: daga Birni zuwa Gidimuni, a biyo ta Mirya

Salamu alaikum ƴan'uwa. Tun da na fara sa fotunan da nake ɗauka a WhatsApp mutane ke ta tambayata wace irin kamera gare ni, wasu ma har gardama suke wai wannan wuri ba Damagaram ba ne, alhali kuwa lungun bayan gidansu ne da suke bi kullum a kan moto ba su taɓa tsayawa sun dube shi ba. To shi ya sa na ce bari in zauna in rubuto yadda muke shirya fitarmu ta Asabar da Lahadi daki-daki, don wanda ke da sha'awa ya gwada, ko da waya ce kawai a hannunsa. Ni kaina shekara biyu na yi ina ɗauka da waya kafin Allah ya hore mini kamera ta hannu.

Abu na farko shi ne zaɓen lokaci, kuma nan ne mutane da yawa ke faɗuwa. Kada ka shirya wannan fita a watan Afrilu ko Mayu, zafin ya wuce digiri 40, kai za ka galabaita, waya za ta yi zafi ta kashe kanta, kuma hasken fari ne fat babu daɗi. Ni lokaci biyu na fi so. Akwai ƙarshen damina, wajen Satumba zuwa Oktoba, gero ya yi kai, gari ya yi kore shar, sama ta wanku ga gajimare. Sai kuma sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin ne tsuntsaye baƙi ke sauka bakin ruwa kuma lambuna sun cika. Matsalar sanyi ita ce hazo, in ka tashi da safe ka ga ba ka hango hasumiyar masallacin unguwarku sosai to ka bar zancen ɗaukar nesa, ranar ta fuskoki ce da abubuwa na kusa, kuma wallahi hazo na yi wa fuskar mutum kyau don yana tausasa haske.

Daren Juma'a ake gama shiri, ba safiyar Asabar ba. Ka cika batir na waya da na kamera da fawa bank tun da magariba, kada ka ce sai cikin dare don ba ka san ko kuran zai tsaya ba. Ka kwashe tsofaffin fotuna ka bar wuri. In kamera gare ka, katin ajiye foto biyu ya fi kati ɗaya babba, kuma ka saye shi inda ka yarda da su, ni na taɓa sayen wani mai araha a wani shago an rubuta giga 64 a jikinsa, na wuni ina ɗauka ranar hawan sallah, da na zo gida rabin fotunan ba su buɗe ba, har yau in na tuna raina na ɓaci don akwai wani dattijo a kan doki da na ɗauka wanda bai kai sallar gaba ba, Allah ya jiƙansa. Sai ƙyalle mai laushi na goge gilashi, da leda mai zif ko ma ledar da ka ɗaure bakinta, wadda za ka riƙa sa kamera ciki duk lokacin da ba ka ɗauka. Ƙurar garin nan ba ta da tausayi, in ta shiga cikin kamera za ka riƙa ganin ɗigo-ɗigo a sararin sama cikin kowane foto. Don haka doka ce: ba a canza gilashin kamera a fili, sai cikin mota an rufe tagogi ko cikin ɗaki.

Ka ɗauki katin ɗan ƙasa, in da moto ko mota za ku to da takardunta duka. Ruwan sha aƙalla lita 3 kowane mutum a wuni, hula ko rawani, takalmi rufaffe saboda ƙarangiya, da canji, wato ƙananan kuɗi ƴan dala ashirin da dala ɗari, don a ƙauye in ka fito da takardar jaka goma ba mai canja maka. Kada ku wuce mutum uku ko huɗu. In kun yi yawa kun zama tawaga, yara su dafe ku, kowa ya gyara tsayuwa yana kallon kamera, abin da kuka zo nema ya gudu.

Asabar ta cikin gari ce. Ka yi sallar asuba ka kama hanyar Birni, tsohuwar unguwar Damagaram inda fadar sarki take, a lokacin sanyi rana na fitowa wajen bakwai saura kwata, kuma daga fitowarta zuwa kamar takwas da rabi shi ne duk arzikin ranar. Dalili kuwa, hasken na zuwa ne daga gefe, to zanen da magina suka yi a fuskar gidaje, wanda aka tono ko aka ɗora da laka, sai ya fitar da inuwa ka ga kowane lanƙwasa ya tashi, zankwayen da ke saman soraye su ma su yi tsaye kamar an zana su. Ka dawo wurin nan da azahar ka ɗauki bangon nan dai, za ka ga kamar an goge shi. Don haka kada ka tsaya gaban bango kai tsaye rana na bayanka, ka matsa gefe yadda haske zai bi jikin bangon yana shafarsa.

In waya gare ka ga abin da za ka yi kafin ka danna komai. Goge gilashin da ƙyalle, aljihu na shafa masa maiƙo shi ne kake ganin foto kamar da hayaƙi. Shiga saitin kamera ka kunna layukan nan da ke raba allo gida tara, ka riƙa ajiye ƙofa ko mutum a kan ɗaya daga layukan tsaye maimakon tsakiya, kuma layukan za su taimake ka bango ya miƙe kada gida ya zama kamar zai faɗi. Taɓa allo a kan abin da kake so ya fito, alamar rana za ta bayyana, ka ja ta ƙasa kaɗan don jan ƙasa ya yi kauri sama kuma kada ta ƙone. Kuma don Allah a bar jawo abu da yatsu biyu, wannan zum ɗin yanka foto kawai yake yana lalata shi, ƙafarka ce zum, ka taka ka matsa. Mai kamera kuwa, ga gine-gine ka sa ISO, wato ƙarfin jin haske na kamera, a 100 ko 200, faɗin ƙofar gilashi a f/8, ka bar kamera ta zaɓi saurin ɗauka. In mutane ne ke tafiya kada saurin ya gaza 1/250 na daƙiƙa, in doki ne 1/500 zuwa sama.

Birni ba wurin da za ka bi da gaggawa ba ne. Ka san abin da kake kallo, don wanda ya san labarin wuri ɗaukarsa daban take. Fadar nan tun wajen 1850 take tsaye, kuma zamanin Sarki Tanimu ne garin ya yi ƙarfin da aka kewaye shi da ganuwa, yau ɗan abin da ya rage nata sai ka nema, in ka samu ka ɗauka don kowace damina tana cin rabonta. Baturen nan Bajamushe Heinrich Barth ya sauka garin a ƙarshen 1852. A nan aka kashe Kaftin Cazemajou Bafaranshe a 1898 zamanin Sarki Amadu Kuran Daga, shekara ta zagayo Faransawa suka ci garin, kuma nan ne babban birnin ƙasa daga 1911 har 1926 da aka mai da shi Yamai. Duk wannan yana nan cikin lungunan, tsakanin duwatsun da gidaje suka jingina da su.

In ka zo ƙofar fada ba a ɗaga kamera haka kawai. Ka sauke ta, ka je wurin dogarai ka yi gaisuwa yadda ya kamata, ranku ya daɗe, barkanku da hutawa, ni ɗan garin nan ne ina ɗaukar fotunan tarihi, ko da izini in ɗauki ƙofa? Abin da suka ce shi ke nan, in sun nuna maka iyaka ka tsaya a kanta, in sun haɗa ka da mai zagayawa da kai ka ba shi na goro da daɗin rai. Haka ma gidajen mutane. Ƙofar nan mai kyau da kake gani gidan wani ce, da iyalinsa a ciki. In akwai dattijo a zaure ka yi sallama, Baba ina kwana, an tashi lafiya, zanen gidan nan ne ya burge ni, ko zan iya ɗauka? Sau da yawa ma shi zai tashi ya gaya maka wane magini ya yi shi da shekarar da aka sake yaɓe. Kada ka taɓa juya kamera cikin gida ta zaure, mata na ciki. Yara kuma ba a ɗaukarsu a watsa sai da sanin iyayensu.

Wurin ɗaukar fuska, bakin zaure ya fi ko'ina. Ka zaunar da mutum daga ciki kaɗan yana fuskantar waje, haske ya shigo masa a hankali, bayansa duhu. Ka taɓa allo a kan fuskarsa ba a kan farin rawani ko farar riga ba, in ba haka ba kamera za ta bi farin ta mai da fuskar baƙi ƙirin.

Daga goma zuwa la'asar ka koma gida ka huta, ka sha fura, ka duba abin da ka samu. Bayan la'asar sai Zango, unguwar da ayarin Buzaye da fatake ke sauka a da, inda attajirai irin su Malam Yaro suka yi zamaninsu, akwai tsofaffin gidaje da ba su gaza na Birni ba. In kana iya jure wari ka leƙa majema, fatu a shanye ja da rawaya, hannuwan majema cikin rini, foto ne da ba ya ƙarewa, amma su ma aiki suke, ka gaishe su ka tambaya tukuna. Kafin magariba ka nemi dutsen da ake hawa ka jira rana, tana faɗuwa wajen ƙarfe shida a lokacin sanyi, kuma kada ka tattara kaya da zarar ta ɓace, minti goma na bayan nan sama ke yin kalar da ta fi kyau.

Ga abin da ba na wasa da shi: barikin soja har da tsohon ginin Faransawa da ke cikinsa, shingen jandarma ko na ƴan sanda ko duwan, filin jirgi, matatar mai ta hanyar Tanut, da duk wata motar jami'an tsaro. Kada ka ɗauka, kada ma ka riƙe kamera a hannu kusa da su, ka sa ta jaka. In kana saman dutse ka lura da abin da ke bayan fotonka. Ɗan jirgin nan mai kamera da ake tashi da rimot kuwa ka bar shi gida in ba ka da takardar izini a hannu. Halin tsaro da ƙasa ke ciki kowa ya sani.

Lahadi ce ranar hanya. Mutane da yawa na tsayawa Mirya da safe sannan su wuce Gidimuni, ni kuwa a ganina an juya abin. Tsuntsu da sassafe ake samunsa, kasuwa kuwa sai rana ta ɗaga take cika. Don haka ku bar gari da an sallame asuba, ku bi gudron ɗin gabas, hanyar Gure da Diffa, ku wuce Mirya a kilomita 18 ba tare da tsayawa ba, ku miƙe Gidimuni, sama da kilomita 60 daga Damagaram. Ku cika tanki tun daga gari, ku duba iskar taya, kuma ku gaya wa na gida inda za ku da lokacin dawowa. In babu abin hawa akwai motocin tasha, sai dai su sai sun cika suke tashi, hasken safe zai wuce ku, gara ku haɗa kuɗi ku ɗauki shata.

Da kun isa ku fara gaida masu gari da masu lambu, ku nemi saurayi ɗaya ɗan wurin ya yi muku jagora, shi ya san inda ƙasa ke da taɓo da inda tsuntsaye ke kwana. Tafkin Gidimuni na cikin jerin wuraren dausayi na duniya da ake kira Ramsar, ga dabino ga lambuna ga tudun rairayi a gefe, in rana ta fito ta bugi ruwan sai ka rasa ta ina za ka fara. Ka sa kaya masu kalar ƙasa, ban da fari tas ko ja. Kada ka bi tsuntsu, ba za ka taɓa cim masa ba. Ka nemi gindin itace rana na bayanka, ka zauna ƙasa, ka yi shiru minti ashirin, su da kansu za su dawo, belbela da zalɓe da kirinjijiya, in da rabo har dinya. Mai kamera ya sa sauri 1/1000 ko fiye, ya bar ISO ya hau ko 800 ne ba laifi, gilashi mai kai milimita 200 ko 300, kuma ido ake nufa, in idon tsuntsu ya fito tsaf foto ya yi. Mai waya kada ya wahalar da kansa da tsuntsu ɗaya, ya ɗauki garken gaba ɗaya da inuwar dabino cikin ruwa, ya durƙusa ya kawo wayar kusa da ƙasa, ya sa layin bakin ruwa ya miƙe.

Yanzu zancen shiga ruwa, don duk fitar da muka yi sai an samu wanda ya ce zai yi nutso ya ɗauko foton ƙarƙashin ruwa irin wanda yake gani a intanet. Kada ka shiga. Ruwan kwance irin na tafki da gulbi a ƙasarmu shi ne gidan tsargiya, ƙwayar na fitowa daga dodon koɗi ta huda fata ba ka ji ba, sai bayan makonni ka ga jini a fitsari, ga taɓo da ciyawa da ke riƙe ƙafa, kuma ruwan ma ba a ganin komai cikinsa. Nutso da tulun iska a baya ilimi ne da ake koya wurin malami mai takarda, ba a koyonsa daga bidiyo. In da gaske kana so, ga yadda ake bi. Ka fara koyon iyo a wurin wanka mai tsabta har ka iya mita 200 ba tsayawa, ka kuma iya zama saman ruwa minti 10, don wannan ake fara gwadawa. Ka ga likita, mai asma ko ciwon zuciya ko sikila ko ciwon kunne kada ya ɓoye. Sannan in tafiya ta kai ka bakin teku, Dakar ko Bahar Maliya ta wajen Masar ko Jidda, ka nemi makaranta mai shaidar PADI ko CMAS, ƙungiyoyin duniya masu ba da takardar nutso. Karatun farko kwana uku zuwa huɗu ne, darasi, sai gwaji a ruwa marar zurfi, sai nutso huɗu a teku, a PADI takardar farko na ba ka damar mita 18. Abin da ke cikin tulun iska ce irin wadda muke shaƙa aka matse, kuma kowace mita 10 da ka sauka nauyin da ke kanka na ƙaruwa da kwatankwacin na iskar duniya guda, shi ya sa babbar doka ita ce ba a riƙe numfashi, in ka riƙe kana tasowa iskar na kumbura ta yaga huhu. Ana tasowa a hankali, a tsaya minti 3 a mita 5, ba a nutso mutum ɗaya, kuma ba a hawa jirgin sama sai an yi awa 12 bayan nutso ɗaya, awa 18 in an yi da yawa. Kamera kuwa sai ka iya tsai da jikinka cikin ruwa tukuna.

Wajen goma da rabi ku juyo daga Gidimuni, ku iso Mirya kasuwar Lahadi ta cika. Ku fara ajiye abin hawa wurin wanda zai duba muku, ku zagaya sau ɗaya kamera na jaka, ku sayi wani abu, rake ko albasa ko ƴar tukunya, don wanda ka yi ciniki da shi ba ya ƙi maka foto. Ku nufi wajen tukwane da tuluna da randuna, aikin da aka san Mirya da shi, an jera su ɗaruruwa, ka durƙusa ka ɗauke su a jere bakin wannan na bin na wancan. Da yake rana ta take, ka nemi masu zama ƙarƙashin rumfa ko inuwar itace, ka guji wanda rabin fuskarsa ke rana rabi inuwa.

A wurin tukwanen nan ne na yi kuskuren da ya gyara mini aiki. Wata tsohuwa na ƙwanƙwasa tulu tana nuna wa mai saye ƙararsa, na ɗaga kamera na danna ba sallama, ta ɗago ta dube ni ta ce ɗan nan, ko akuya za ka saya ai ka tambayi mai ita, ta ja mayafi ta rufe fuska. Na ji kunya ƙwarai, na durƙusa na ce Inna ki gafarce ni, na goge foton a gabanta. Na zauna muka yi hira, na sayi tulu, da zan tafi ita da kanta ta ce to ɗauki hannuna ban da fuska. Foton hannuwan nan a kan bakin tulu shi ne manne a ɗakina har yanzu.

Ku bar Mirya da la'asar, kada dare ya same ku a hanya saboda amalanke marasa fitila da dabbobi da ke tsallaka gudron. Kuna isa gida kafin wanka ma ka kwafe fotunan wuri biyu, kwamfuta ko wata waya da kuma kati dabam. Kashegari da ido ya huce ka zaɓa, cikin 300 in ka fitar da 15 ka yi ƙoƙari, kada ka zuba wa mutane duka. Gyara da manhajar Snapseed ko Lightroom ta waya ya isa, ka miƙar da layi, ka ɗan ɗaga inuwa, ka rage farin da ya ƙone, amma ka bar jan ƙasar Birni yadda Allah ya yi shi, kada ka mai da shi lemu, kada kuma ka haskaka fatar mutane. In za ka aika ta WhatsApp ka aika a matsayin fayil, in ba haka ba zai matse foton ya kashe shi. Sai ka ware na mutanen da suka ba ka izini, ka kai gidan wankin foto a fitar maka da su a takarda, ka rubuta unguwa ko rumfar kowa a baya da biro, ka sa cikin jakar kamera don fita ta gaba, na Birni ka kai Asabar da safe, na Mirya ranar kasuwa.